Yaron Da Ya Yi Fashi: Daga Makarantar Allo Zuwa Ajin Boko

Jama'a, duk sanda aka tashi zancen ilimi, lissafin da ake kawowa na yaran da ba sa zuwa makaranta ne kwata-kwata, irin miliyan 10.5 ɗin nan da UNICEF ta daɗe tana ambata wa Najeriya. Ni yau a kan wani yaro daban nake so mu tsaya. Sunansa na cikin rajista, yana da yunifom, amma ya yi fashin sati uku saboda zazzaɓi ko aikin gona. Ran da ya dawo, wa ke biya masa karatun da ya wuce shi?

Kafin zuwan Turawa wannan tambaya ba ta ma taso ba. A makarantar allo kowa da allonsa, kowa da inda karatunsa ya tsaya. Malam zai biya wa yaro, yaro ya yi ta maimaitawa har ya iya, sannan ya wanke allo a yi masa ƙari. In ya yi wata guda yana jinya, rubutun na nan a jikin allo yana jiransa, daga nan zai ɗora. Hatta lokacin karatu da rayuwar manomi aka auna shi: bayan kaka malam ya tafi ci-rani da almajiransa, da ruwa ya sauka a dawo gona. Ba na cewa tsarin ba shi da nasa matsaloli, amma ta wannan fuska ba ya tafiya ya bar mai rauni a hanya.

Boko ta zo da wani tsari. Tun daga makarantar da Hanns Vischer, wato Ɗan Hausa, ya buɗe a Nassarawa ta Kano a 1909, sai aka koma aji ɗaya, allo ɗaya a bango, darasi ɗaya ga kowa. Manhaja kamar motar haya ce, in lokacinta ya yi ba ta jiran fasinja. Wanda bai zo ranar da aka koyar da raba lamba ba, zai tarar an shiga wani babi da aka gina a kan wancan. Muddin ɗalibai kaɗan ne, malami na iya jan yaro gefe ya cike masa giɓi.

Abin ya canza ne a Satumban 1976, da gwamnatin Janar Obasanjo ta ƙaddamar da UPE. Yara suka cika firamare fiye da yadda aka yi tanadi, aka riƙa horar da malamai cikin gaggawa. Malamin da aji ya cika masa maƙil ina ya ga sukunin bin wanda bai zo jiya ba? Maganin da ya rage shi ne wanda duk muka sani: bulalar fashi, sai kuma "je ka ari littafin abokinka ka kwafa". To, kwafar rubutu ba fahimta ba ce. Jingar da ake bayarwa ma ta ɗauka cewa a gida akwai fitila da wanda ya iya boko. Mai hali ya ɗauko malamin lesin, ɗan talaka ya dawo da littafi babu komai, ya sake shan duka.

Gwamnati ta san da matsalar. A 1989 aka kafa hukumar ilimin makiyaya, don a daidaita karatu da rayuwar yaran da ba sa zama wuri guda. A 1999 aka ƙaddamar da UBE a Sakkwato, dokarta ta 2004 ta wajabta karatun shekara tara kyauta. Sai dai tilasta rajista daban, cike giɓin wanda ya yi fashi daban. Ku duba kalandar ma: zango na uku na cin karo da shuka da noma, na farko da girbi, ga zazzaɓin cizon sauro da ke tsananta da damina.

A Maris 2020 korona ta mayar da kowa ɗan fashi. Jihohi suka koma darasi ta rediyo da talabijin. Bayan satar ɗaliban Ƙanƙara a Disamban 2020 da na Jangebe a Fabrairun 2021, an sake rufe makarantu da dama. Da aka buɗe, yara nawa aka auna aka ga inda karatunsu ya tsaya kafin a tura su aji na gaba?

Shawarata ba ta bukatar kwangila. Hedimasta ya ware ko da rabin awa sau biyu a sati don waɗanda suka yi fashi. A haɗa yaron da ya dawo da wanda ya gane darasin, kamar yadda gardi ke biya wa ƙolo. A fara jinga tun a aji, malami na kallo. Uba kuma, in ɗanka ya warke, raka shi ka ce, "Malam, ina aka tsaya?" Yaron da ya daina gane abin da ake faɗa a aji, fashinsa na gaba ba zazzaɓi ne zai jawo shi ba.

Allah Ya shirya mana zuri'a, Ya saka wa malamanmu da alheri.