Daga Kolo Zuwa Gwani: Karatun Da Ba A Gamawa

A wannan makon bari mu waiwaya gida.

Tun kafin Ibrahim Ɗantunku ya kafa masarautar Kazaure a 1819 tsangaya take a ƙasar Hausa. Turawa suka ci Kano a 1903, boko ya shigo, aka ƙirƙiro Jigawa a 1991, amma ba ta gushe ba. A ƙauyukan Roni da Gwiwa da Babura, da an kai amfanin gona rumbu, sai malami ya kwashi almajiransa su nufi gabas, ƙasar Barno, neman karatu.

Abin da ya kamata mu lura da shi shi ne yadda kakanninmu suka tsara tafiyar. Yaro yakan fara a kolo, yana koyon babbaƙu da farfaru a allo. Ya zama titibiri, sannan gardi. Wasu gardawan sukan kafa bukkoki a bayan gari, wato kiskadi, don kada hayaniya ta raba su da tilawa. In ya sauke izu 60, a yi walima, amma ba wanda zai ce ya gama. Sai ya koma farko don hadda. In ya haddace, ya zauna da tawada da alƙalamin kara ya rubuta Alƙur'ani da ka. Nan ne sunan alaramma yake tabbata. Gaba kuma akwai gwani, wanda ya san sau nawa kalma ta zo da inda ta zo. Shi ma gwanin, ko furfura ta cika masa kai, bai daina tilawa ba, domin abin da aka bari yakan gudu.

Mece ce manufar wannan wahala? Ba suna ba ne. Ana gyara allo ne don a gyara zuciya, kuma ƙarshen tafiyar shi ne mutum ya dawo garinsu ya hura wutar karatu, ya ɗora wa wani kolo alƙalami.

Mu fa? Da yawanmu da mun saki littafi ɗaya a Facebook, aka yaba, sai mu ƙi gyara. Wannan sauka ce kawai, hadda na gaba. Mu koma kan rubutunmu na bara, mu wanke allon, mu sake. Sannan kowa ya nemi sabon marubuci guda ya duba masa aikinsa.

Allah Ya sa mu gama da kyau.