Abin da na'urorin Zariya suka gani da rana tsaka

Yau tarihin kimiyya za mu taɓa, kuma na gida ne.

A sama, wajen kilomita 100 daga ƙasa, akwai wata igiyar lantarki da ke kwarara gabas da rana, tana bin layin da ya raba maganaɗisun duniya gida biyu. Layin nan ya ratsa Najeriya, ba nisa da Zariya. Shi ya sa ƙarfin maganaɗisu a wurin yake hauhawa in rana ta take.

To amma wasu ranakun sai ya faɗi kwatsam, ya yi ƙasa da yadda yake da dare, na 'yan sa'o'i. Igiyar ce ta juya yamma. Pierre Gouin ya ba da rahoton haka daga Addis Ababa a 1962. Rosemary Hutton, 'yar Sikotilan da ta koyar da fiziks a Jami'ar Ahmadu Bello a shekarun 1960, ita da J. O. Oyinloye suka wallafa nazarin abin a Najeriya a 1970.

Me ke juya ta? Wani lokaci kaɗawar iskar can sama ce, har da jan wata. Wani lokaci kuma iskar rana, wato ɓurɓushin da rana ke fesowa: in maganaɗisunta ya sauya fuska farat ɗaya, tasirin kan iso nan cikin mintuna.

Ni abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya, mun haddace sunan NASA, amma ɗaliban fiziks nawa a Jigawa aka taɓa faɗa wa sunan Oyinloye? Alhali wannan sashen saman ne ke rikita siginar GPS ɗin wayarka bayan magariba.