Yadda Likitoci Suka Koyi Riƙe Muƙamuƙi Bayan An Yanka Shi

Duk mai ɗori a ƙasar Kazaure ya san haɗa ƙashi ba shi ne ƙarshen aiki ba, sai an ɗaure shi ya zauna har ya kama. Tarihin tiyatar mayar da muƙamuƙin ƙasa baya, ga wanda haɓarsa ta turo gaba har haƙoran ƙasa suka rufe na sama, kusan duk a kan wannan matsala ya ta'allaƙa. Likitoci sun iya yanka tun da wuri. Hana ƙashin komawa inda ya fito ne ya ci musu fiye da shekara ɗari.

Turawa sun daɗe da sanin wannan halitta, domin ta bi gidan sarautar Habsburg, ta fito ƙarara a fuskar Sarki Charles na Biyu na Sifaniya, wanda ya mutu a 1700. Amma aikin farko da aka rubuta ba a kan ɗan sarki aka yi shi ba. A 1849 Simon Hullihen, wani likita a garin Wheeling na Amurka, ya ba da labarin wata budurwa da ta ƙone a wuya tun tana ƙarama. Tabon ya yi ta jan muƙamuƙinta shekara da shekaru har ya lanƙwasa shi. Hullihen ya yanke wani yanki na ƙashin ya mayar da shi, sannan ya sassauta tabon. Tun daga nan ya kamata a gane cewa nama na iya juya ƙashi.

A 1897 Vilray Blair ya yi irin aikin a St. Louis, da shawarar Edward Angle, masanin daidaita haƙora. Bayansu Kostecka na birnin Prag ya shahara da wata hanya mai sauri: a zura zarton waya ta fata, a yanke reshen ƙashin da ke hawa zuwa kunne ba tare da an ga wurin ba. Saurin bai biya ba. Bakin ƙasusuwan biyu ƙanana ne, tsokar tauna kuma tana jan na sama, sai su goce. Wasu marasa lafiya suka warke haƙoran gabansu ba sa haɗuwa.

Canjin ya zo daga garin Graz na Ostiriya. A 1953 Hugo Obwegeser, yana aiki ƙarƙashin Richard Trauner, ya shiga ta cikin baki ya tsaga ƙashin a tsaye gida biyu, yadda za a zame ɓangaren da ke ɗauke da haƙora baya, amma fuskokin ƙashi masu faɗi suna manne da juna. Sun buga bayanin a 1955 da 1957. Dal Pont ɗan Italiya ya faɗaɗa tsagar a 1961, Hunsuck a 1968 da Epker a 1977 suka ƙara gyara ta. Duk da haka mara lafiya sai an ɗaure masa haƙoran sama da na ƙasa da waya kamar mako shida, ba ya cin komai sai abin sha. A 1974 Bernd Spiessl ya kawo dabarar matse ɓangarorin da sukuru, aka yi zaton an gama.

Ashe da saura. William Proffit da abokan aikinsa a Jami'ar North Carolina sun bi diddigin marasa lafiyarsu shekaru masu yawa, a 1996 suka jera ayyukan muƙamuƙi bisa ga wanda ya fi zama. Mayar da muƙamuƙin ƙasa baya, idan shi kaɗai aka yi, ya faɗa cikin masu matsala: kusan rabin mutanen, ƙashin ya motsa fiye da milimita 2 bayan aiki. Wani zai ce milimita 2 ai ba komai ba ne, amma a bakin haƙori shi ne tsakanin a ciji nama da a kasa.

Dalilan sun fito fili. Idan likita ya tura ɓangaren da ke riƙe da gaɓar gaban kunne baya kafin ya ɗaure sukuru, tsokar tauna za ta dawo da shi mazauninsa, ta kuma jawo haɓar gaba. Harshe ma an rage masa ɗaki, yana turi. Yaron da bai gama girma ba kuwa, muƙamuƙinsa na iya ci gaba da tsawo bayan tiyata, shi ya sa ake jira. Maganin da aka fi yarda da shi yanzu shi ne raba aikin gida biyu: a matso da muƙamuƙin sama gaba, a rage nisan da na ƙasa zai koma.

Mutumin Achilafiya, Roni ko Gwiwa a ƙasar Kazaure da ke neman irin wannan aiki, Kano zai nufa, sashen tiyatar baki da fuska na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, ko kuma na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya. Likitocin wuraren nan sun fi fama da karayar hatsarin babur da ƙari a muƙamuƙi. A ganina abin da ya fi wahala ga ɗan karkara ba ranar tiyata ba ce. Wayar daidaita haƙora ce, wadda ake sawa shekara ɗaya ko fiye kafin aiki da watanni bayansa, kuma kusan kowane wata sai an biya kuɗin mota an je an ƙara matse ta.