Fatalwa, Macijiya da Uwar Miji: Tarihin Wasannin Talabijin na Ƙasashen Asiya

Gabatarwa

Shekaru da dama ke nan wasannin kwaikwayo masu dogon zango na Japan da Sin da Indiya da Koriya ta Kudu suna ratsa ƙasashen duniya, har sun iso falukanmu, wasu ma da fassarar Hausa a bakin 'yan wasan. Masu kallo sukan kasa su gida uku: na ban tsoro, na almara, da na soyayya. Idan aka tambayi dalilin farin jininsu, galibi sai a ce kyawun 'yan wasa ne, ko tsadar sutura, ko gwanintar masu ɗaukar hoto. Ba mu musa ba, kowanne yana da nasa tasiri. Amma mu masu ɗawainiya da alƙalami ya kamata mu tona ƙasa kaɗan. A wannan maƙala za mu bi tarihin wasannin domin mu nuna abu biyu. Na farko, labaran sun girmi akwatin talabijin da ɗaruruwan shekaru. Na biyu, duk kashi ukun magana ɗaya suke yi, wato maganar haƙƙi: na iyaye a kan 'ya'ya, na mata a kan miji, da na talaka a kan mai mulki.

Kafin zuwan akwatin talabijin

A shekarar 645 wani malamin addinin Buda mai suna Xuanzang ya komo ƙasar Sin bayan ya shafe kusan shekara 16 yana tafiyar neman littattafai a Indiya. Labarin tafiyar tasa ya yi ta yawo a bakin masu ba da hikaya a kasuwanni, kowa yana ƙara nasa gishirin, har aka haɗa shi da almajirai irin su Sarkin Birai Sun Wukong mai rikiɗa iri 72. Daga baya aka tattara labarin ya zama littafi mai babi 100, Xiyouji, wato Tafiya Zuwa Yamma, wanda ake danganta shi ga Wu Cheng'en. Mafi tsufan bugunsa da ake da shi na shekarar 1592 ne.

Haka kuma wani malami, Pu Songling, wanda ya rayu daga 1640 zuwa 1715, ya sha faɗuwa a jarrabawar shiga aikin gwamnatin sarki, ya ƙare yana koyar da 'ya'yan masu hali a ƙauye. A nan ya rubuta labarai kusan 500 na fatalwowi da yanyawa masu rikiɗa su zama kyawawan mata. An buga su a 1766 da sunan Liaozhai. Mai karatu zai lura cewa a cikinsu sau da yawa aljanar ce mai amana, alƙali da jami'in gwamnati su ne abin gudu.

A Japan kuwa, a 1825 aka fara nuna wasan dandali mai suna Yotsuya Kaidan na Tsuruya Nanboku. Labarin Oiwa ne, matar da aka ba guba fuskarta ta lalace domin mijinta ya samu damar auren yarinya daga gidan masu arziki. Ta mutu, ta dawo ta hana shi sakat. Farin likkafani da baƙin gashi a barbaje da muke gani a finafinan tsoro na Japan, daga irin waɗannan wasanni aka gaje su. Indiya tana da Ramayana da Mahabharata, waƙoƙin da suka haura shekara 2,000, Koriya kuma tana da tatsuniyoyinta na gumiho, wato yanyawa mai wutsiya tara.

Zamanin gidajen talabijin na gwamnati

Gidan talabijin na NHK a Japan ya fara aiki a 1953, kuma a 1961 ya ƙirƙiro wasan safe mai zuwa kashi-kashi, wanda daga baya ya tsaya a kan minti 15 a kowace fitowa. Mafi shahara a cikinsu shi ne Oshin, na marubuciya Hashida Sugako, wanda aka nuna daga Afrilu 1983 zuwa Maris 1984 a fitowa 297. Oshin 'yar talakawan manoma ce a lardin Yamagata. Tana da shekara 7 aka ba da ita aikatau a kan buhun shinkafa. Ta sha wuya a hannun uwar miji, ta rasa ɗanta a Yaƙin Duniya na Biyu, daga ƙarshe ta mallaki jerin manyan kantuna. Wata fitowa ta watan Nuwamba 1983 ta kai kashi 62.9 cikin 100 a ma'aunin masu kallo, adadin da babu wani wasan kwaikwayon talabijin na Japan da ya taɓa kamo shi. An nuna Oshin a ƙasashe sama da 60, ciki har da Iran da Masar da Tailan. Matan Alƙahira ba su san dusar ƙanƙarar Yamagata ba, amma sun san yunwa, sun san uwar miji.

A ƙasar Sin, wata mata mai suna Yang Jie ta fara ɗaukar Tafiya Zuwa Yamma a 1982 da kyamara guda ɗaya tak, tana yawo da 'yan wasanta daga wannan lardi zuwa wancan. An nuna kashin farko a 1986, aka kammala fitowa 25 a 1988. Dabarun hoton nata, idan aka kalle su da idon yau, za su ba yara dariya. Duk da haka an yi ta maimaita wasan a lokacin hutun makaranta shekara da shekaru, har iyayen da suka kalle shi suna yara suka zauna suna kallo da 'ya'yansu.

Indiya ma ba a bar ta a baya ba. Gidan Doordarshan ya fara nuna Hum Log a 1984, labarin wani gida na masu ƙaramin ƙarfi. A Janairun 1987 Ramanand Sagar ya fito da Ramayan, fitowa 78, kowace safiyar Lahadi. Tituna sukan yi tsit a lokacin nuna shi, kuma da yake ga mabiya addinin Hindu labarin na ibada ne, wasu har furanni sukan rataya wa akwatin. Mahabharat na B.R. Chopra ya biyo baya daga 1988 zuwa 1990, fitowa 94. A Koriya kuma gidan KBS ya shafe 1977 zuwa 1989 yana nuna Jeonseol-ui Gohyang, wanda kowace fitowa takan ɗauko almarar wani ƙauye ko lardi, a ƙarshe mai ba da labari ya faɗi inda aka samo ta da darasin da ke cikinta.

Abin lura a nan shi ne, da waɗannan gidaje suka nemi abin da zai tara jama'a gaban akwati, rumbun kakanninsu suka buɗe.

Kasuwa ta buɗe

Daga 1991 Indiya ta sassauta dokokin tattalin arzikinta, tashoshin tauraron ɗan'adam suka shigo, Zee TV ta fara aiki a 1992. Gasa ta sa kowace tasha neman abin da zai riƙe mai kallo kada ya murɗa. 'Yan gidan Ramsay, waɗanda suka yi suna a finafinan tsoro na sinima, suka kawo Zee Horror Show a 1993, tashar Sony ta mayar da martani da Aahat a 1995. A shekarar 2000 Ekta Kapoor ta fito da wani wasa da ma'anar sunansa ita ce, uwar miji ma ta taɓa zama matar ɗa. Zangonsa na farko ya kai 2008, fitowa 1,833. Ita ce kuma a 2015 ta fito da Naagin, labarin macijiya mai rikiɗa da ta auri ɗan gidan da suka kashe iyayenta domin ta ɗauki fansa, sai so ya shiga tsakani. Tsofaffin 'yan kallon sinimomin Kano da Kaduna ba baƙin wannan macijiya ba ne, sun san ta tun finafinan Nagin na 1976 da Nagina na 1986. Sinawa ma suna da tasu Farar Macijiya da ta auri mutum, wani malamin Buda ya raba su ya tsare ta a ƙarƙashin hasumiya a birnin Hangzhou. Wasan da aka yi a Taiwan a kanta a 1992 ya karaɗe duk inda ake jin Sinanci.

Labarin Koriya ta Kudu ya bambanta, domin da gangan hukuma ta sa hannu. A 1994 aka gabatar wa Shugaba Kim Young-sam rahoton cewa kuɗin da fim ɗin Amurka na Jurassic Park ya samu ya yi daidai da na sayar da motocin Hyundai miliyan ɗaya da rabi a ƙasashen waje. Bayan durƙushewar tattalin arziki ta 1997, gwamnatin Kim Dae-jung ta yi dokar bunƙasa masana'antar al'adu a 1999. A 1997 ɗin ne kuma gidan talabijin na Sin ya nuna wani wasan Koriya a kan auren ɗan gidan 'yan mazan jiya da 'yar gidan 'yan boko, Sinawa suka yi ruguguwar kallonsa. Winter Sonata na 2002, labarin soyayyar fari da mantuwa bayan haɗarin mota, ya shiga Japan a 2003, kuma da jaruminsa Bae Yong-joon ya sauka Tokiyo a 2004 dubban mata ne suka tarye shi a filin jirgi. Wannan ba ƙaramin abu ba ne idan muka tuna cewa Japan ta mulki Koriya daga 1910 zuwa 1945. Sai Dae Jang Geum na 2003, fitowa 54, wanda aka gina a kan 'yan layuka kaɗan da kundin tarihin masarautar Joseon ya ambaci wata mata mai ba Sarki Jungjong magani. Jumong na 2006, mai fitowa 81, shi ne ya gabatar da da yawa daga cikin matasanmu ga wasannin Koriya ta hanyar faya-fayan da ake sayarwa a bakin titi.

Me fatalwar take nema?

Yanzu bari mu koma ga maganarmu ta farko. A garin Miryang na Koriya akwai almarar Arang, 'yar hakimi da aka kashe aka ɓoye gawarta, aka bar mutane suna cewa guduwa ta yi. Duk sabon hakimin da aka turo, sai ta bayyana gare shi a daren farko, da safe a tarar ya mutu don firgita. Sai da aka samu wani mai ƙarfin hali da ya tsaya ya tambaye ta abin da take so. Ashe ƙara ta kawo. An mayar da almarar wasan talabijin a 2012. A Tailan kuma Mae Nak ta rasu wajen haihuwa mijinta yana fagen yaƙi, ya dawo ya ci gaba da zama da ita bai san fatalwa ba ce. Oiwa da Arang an zalunce su ne babu mai bi musu kadi, Mae Nak kuma amanar aure ce ta hana ta tafiya. Saboda haka mai kallo yakan ji tsoro a farkon labari, kafin ƙarshe ya koma bayan fatalwar.

Almara ma haka take. A Kingdom na 2019, na marubuciya Kim Eun-hee, dangin sarauniya sun ɓoye mutuwar sarki domin su riƙe mulki, annobar gawarwaki masu tashi kuwa ta ɓarke ne a cikin talakawan da yunwa ta kai su ga cin abin da ba a ci. A Goblin na 2016, na Kim Eun-sook, wani sarkin yaƙi da sarkinsa ya ci amanarsa ya rayu shekara sama da 900 da takobi a ƙirji, kuma amaryarsa kaɗai ke iya zare shi, amma ranar da ta zare ranar zai gushe. Ga tsoro, ga almara, ga soyayya a tukunya ɗaya.

Soyayyar kanta ba ta mutum biyu ba ce kawai. A mafi yawan wasannin, abin da ke tsakanin saurayi da budurwa shi ne uba, ko kaka, ko bashin da ake bin gida, ko bambancin asali. Akwai kunya, akwai kawaici, ana iya fitowa 10 kafin a riƙe hannu. Wannan jinkiri shi ne igiyar da ke ɗaure mai kallo. Ga al'ummar da aure yake haɗa dangi biyu, irin wannan labari ya fi kusa da zuciya a kan wanda masoya ke yanke shawara su kaɗai. Ba mamaki da matan Masar suka ga kansu a Oshin, ba mamaki kuma da wani wasan Sin a kan amarya da surukanta ya karɓu a Tanzaniya da aka fassara shi da Swahili a 2011.

Kammalawa

Wannan tarihi ya shafe mu kai tsaye. Alhaji Abubakar Imam a Magana Jari Ce da Malam Bello Kagara a Ganɗoki sun nuna tun shekarun 1930 cewa almara tana zama daram a rubutun Hausa. Marubutan soyayya na Kano irin su Balaraba Ramat Yakubu da Ado Ahmad Gidan Dabino sun nuna cewa rikicin auren dole da kishi da bambancin arziki yana da masu karatu. Tashar Arewa24 da ta fara aiki a 2014 ta tabbatar, da Daɗin Kowa, cewa wasa mai dogon zango yana da 'yan kallo. Abin da ya rage mana shi ne rumbun. Kundin tarihin Kano ya ambaci Barbushe da Tsumburbura a Dala, ya ambaci Sarauniya Amina ta Zazzau. Abin da ke rubuce a kansu bai gaza abin da marubuciyar Dae Jang Geum ta samu ta gina fitowa 54 a kai ba. Muna da macijin rijiyar Kusugu, muna da 'yan ruwa, muna da labaran marainiya da kishiyar uwa a kowane gida.

Saboda haka shawararmu ga matasan marubuta ita ce, in za ku kalli waɗannan wasanni, ku kalla da takarda da biro. Ku duba inda ake yanke kowace fitowa, da abin da aka ɓoye wa mai kallo, da lokacin da aka bayyana shi. Sannan duk wanda zai sa aljana ko fatalwa a littafinsa, ya fara tambayar kansa: wa ya zalunce ta, kuma wane haƙƙi ta zo karɓa? In ya samu amsa, ya samu labari. Sauran aikin na zuwa wurin tsofaffin unguwa ne da littafin rubutu, tun suna raye.