Wuƙar da Ba Ta Taɓa Yanka Ba

A tsakiyar shekarun 1930, a bakin tafkin Walloon da ke jihar Michigan ta Amurka, wani mutum yana kankare tsohon fenti daga jikin jirgin ruwa da wuƙa. Babu aikin da ke cinye bakin wuƙa kamar wannan, amma ita ko gezau. Wani matashi mutumin Orlando ta jihar Florida, Bo Randall, wanda danginsa ke da gonakin lemo, ya tsaya yana kallo, daga ƙarshe ya taya ta, aka sallama masa. William Scagel ne ya ƙera ta, wani maƙeri mai son zaman kaɗaici a can Michigan ɗin, wanda ya rasu a 1963. Yau idan wuƙar Scagel ta fito gwanjo dubban daloli ake zubewa, kuma wanda ya saye ta ko tuffa ba zai fere da ita ba, balle fenti.

Randall ya koma gida ya shiga gwajin ƙira a garejinsa da sifirin ɗin tsohuwar mota, ƙarfen nan da maƙeranmu ma suka daɗe da gano daɗinsa. A 1938 abin ya zama sana'a. Da Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke, sojojin Amurka suka riƙa turo masa wasiƙu daga fagen daga suna neman wuƙa, wasu ma ba su san adireshinsa ba, sai dai su rubuta cewa a kai wa mai wuƙa na Orlando, kuma ta isa. Abin da ya fi ɗaukar hankalina a cikin kayan Randall ɗan aljihu ne da ake ɗinkawa a jikin kuben fata, a saka ƙaramin dutsen washi a ciki. Maƙerin yana gaya wa mai saye ne cewa wuƙar nan za ta dakushe, ga abin da zai wasa ta. To a yau, mai tara wuƙaƙe idan ya karɓi tsohuwar Randall, yana daga cikin abubuwan da zai fara yi ya zaro dutsen nan ya duba. In ya ga baƙin ƙarfe a jikinsa, ya san an wasa, farashi ya sauka tun kafin a buɗe baki.

Wannan ɗabi'a ba tsohuwa ba ce. A ƙarni na 19 da rabin farko na ƙarni na 20, wuƙar aljihu a Amurka kayan aiki ce kawai, manomi na da ita, ɗan makaranta na da ita, ana yanka igiya, a fiƙe fensir, a gyara kofaton doki. A 1889 ne wasu 'yan'uwa huɗu 'yan gidan Case suka fara yawon tallan wuƙaƙe a keken doki cikin ƙauyukan jihar New York, kafin kamfanin W.R. Case & Sons ya zauna a garin Bradford na jihar Pennsylvania a 1905. Kamfanin Remington mai yin bindigogi shi ma ya yi wuƙaƙen aljihu daga 1920 zuwa wajen 1940. Miliyoyi aka ƙera, aka sayar a kantunan kayan gini da na noma, kuma kusan dukkansu hanya ɗaya suka bi: a wasa, a ƙara wasawa, har ruwan wuƙar ya sirance, tsininta ya karye garin kwance kusa, a jefar a sayi wata. Mahaifina yana da wata wuƙar layya da ta bi wannan hanyar. Na tashi na tarar da cikinta ya lotsa saboda washi, kuma a gidanmu wannan lotsawar ce shaidar cewa ƙarfenta mai kyau ne, tunda ba a gaji da ita an yar ba.

Daga nan tsadar sabuwar tsohuwa ta samo asali. In an ƙera dubu, aka cinye ɗari tara da casa'in da tara da aiki, wadda ta rage a ƙasan durowar wani tsohon kanti, ko a akwatin samfur na wani ɗan talla da ya mutu, ita kaɗai ce ke nuna yadda abin yake ranar da ya bar masana'anta. Wannan hujja ce mai ƙarfi, kuma ban ga abin dariya a cikinta ba. Mai biyan kuɗi da yawa don irin wannan wuƙa yana sayen shaida ce ta aikin mutanen da suka riga suka shuɗe.

A wajen 1970 ne lamarin ya juya. A shekarar kamfanin Case ya fara buga ɗigo goma a gindin ruwan wuƙa, ƙarƙashin tambarinsa, kowace shekara a cire ɗaya: mai ɗigo goma ta 1970 ce, mai tara ta 1971, har zuwa mai ɗigo ɗaya a 1979. Da zarar mutum zai iya sanin shekarar abu da kallo ɗaya, sai sha'awar haɗa jeri ta motsa, mai ɗigo bakwai da biyar ya ƙi barci sai ya samo shida. A 1970 ɗin dai maƙeran hannu suka kafa ƙungiyarsu, cikinsu har da Bob Loveless, wanda shi kansa ya fara ƙira ne a shekarun 1950 yana ma'aikacin jirgin ruwa, don ya nemi Randall a kantin Abercrombie & Fitch aka ce sai ya jira watanni. Masu tarawa su ma suka yi tasu ƙungiyar a farkon shekarun 1970, aka fara baje koli, aka fara buga littattafan farashi. Case ya buɗe kulob ɗin masu tara kayansa a 1981, Remington ya dawo da tsohon samfurinsa mai hoton harsashi a ƙota a 1982, aka riƙa fitar da sabo kowace shekara, sannan littafin Bernard Levine kan wuƙaƙe da darajarsu ya fito a 1985.

Littattafan nan ne suka kafa matakala. A ƙololuwa akwai wadda ba a taɓa wasawa ba, ba a taɓa sa ta a aljihu ba, ba a taɓa goge ta ba. Ƙasa da ita akwai wadda ta ɗan yi tabo saboda ajiya, sai wadda aka wasa kaɗan, a yi ta gangarowa har zuwa wadda ruwanta ya cinye, ƙotarta ta tsage. Tazarar da ta fi kowace faɗi tana tsakanin matakin farko da na biyu, wato washin farko shi ne mafi tsada a rayuwar wuƙa. Na goma da na ashirin ba su ƙara wata ɓarna mai yawa ba.

A nan nake da ja. Da kamfanoni suka ga akwai masu sayen wuƙa don ajiya, sai suka fara ƙera wuƙa don ajiya: a buga mata lamba, a ce guda kaza kawai aka yi, a sa ta a gwangwani mai zane da takardar shaida. Kowa ya saya ya ɓoye. Bayan shekara talatin, kusan duk waɗanda aka yi suna nan sababbi dal, babu wadda ta ga igiya. Dalilin da ya sa tsohuwar Case ta 1920 wadda ba a taɓa ba take da tsada shi ne 'yan'uwanta sun mutu a bakin aiki. Su kuwa waɗannan babu wadda ta mutu. Mai irin wannan wuƙa yana cikin tsaka mai wuya: in ya yanka abu da ita kuɗinta ya faɗi, in ya ajiye ta ma sau da yawa ba wata riba zai gani ba, don kowane maƙwabcinsa na da irinta a kwali. A ganina gara ya sa ta a aljihu ya more kuɗinsa.

Masanin wuƙa in ya karɓi tsohuwa, ba ƙyalli yake nema ba. Yana duba bakin ne ya ga ko layukan dutsen masana'anta suna nan. Yana rufe ta ya ga ko tsinin ya kai inda ya kamata ya kai a cikin ƙota, don washi yana rage tsawo. Yana buɗewa ya saki, ya saurari ƙarar da sifirin ɗinta ke yi, in ta yi sanyi an gaji da ita. Yana duba gefen ƙusoshin da suka riƙe ƙashin ƙota ko akwai tsaga. Sannan ya kai ido kan tambari. Tun da aka gane cewa sabuwa ta fi kuɗi, wasu dillalai suka shiga kai tsofaffin wuƙaƙe ga injin gogewa, a share tsatsa da tabo har ta riƙa ɗaukar ido. Gyaran gangar Auzinawa ke nan. Injin yana cin ƙarfe, kusurwoyi masu kaifi su zama dagwale, haruffan tambari su dushe, ƙyallin kuma ya fito da wani irin santsi da masana'anta ba ta taɓa yi ba. Masu ido sun fi son wadda ta yi duhun shekaru na gaskiya a kan wadda aka yi wa wannan wanka, domin tabo bai ɓoye komai ba, gogewa kuwa ta tafi da abin da ba ya dawowa.

Ajiyar ma ba ta kuɓutar da kowa. Yawancin tsofaffin Randall da ƙarfe mai tsatsa aka yi su, in aka bar su shekaru a cikin kuben fata, fatar na riƙe danshi, ruwan wuƙa ya yi ɗige-ɗige, tagullar da ke kare hannu ta yi kore. Mafi muni shi ne seluloid, wata tsohuwar roba mai launuka masu kyau da aka riƙa yin ƙota da ita tun ƙarshen ƙarni na 19. In ta tsufa takan fara ruɓewa tana fitar da iska mai cin ƙarfe, ba ta tsaya kan wuƙarta ba, har na kusa da ita a akwati sai sun kamu. Mutum ya hana kansa yanka ko zare da wuƙa shekara ashirin, ya buɗe akwati ya tarar da jan tsatsa.

Akwai kuma amfanin da ke ɗaga daraja, in an san hannun da ya yi shi. Randall ya ƙera wa 'yan sama jannatin shirin Mercury na Amurka wata wuƙa da ake kira Astro, wadda ɗaya daga cikinsu, Gordon Cooper, ya sa hannu a tsara ta, mai rami a cikin ƙota don ajiye ƙananan kayan ceton rai. Ranar 21 ga Yuli, 1961, kumbon Gus Grissom mai suna Liberty Bell 7 ya sauka a Tekun Atlantika, ƙofarsa ta fice, ruwa ya cika shi ya nutse. Da ƙyar aka ceto shi Grissom ɗin. Sai a 1999 aka tsamo kumbon daga zurfin kusan kilomita 5, wuƙar na ciki, bayan shekara 38 a ruwan gishiri. A ma'aunin littafin farashi ta faɗi ƙasa warwas, amma babu wata Astro sabuwa a kwali da za ta tsaya kusa da ita. Haka abin yake ga wuƙaƙen sojojin Yaƙin Duniya na Biyu da na Biyetnam: in akwai sunan soja a jiki, da hoto ko wasiƙa da ke tabbatar da shi ya riƙe ta, kowane ƙarce ƙari ne. In babu takarda, labari ne kawai, kuma masu sayar da labari sun fi masu takarda yawa.

A Yaman kuwa lissafin daban ne tun asali. Jambiya, lanƙwasasshiyar wuƙar da maza ke ɗaurawa a gaban ciki, darajarta ba a ruwanta take ba, a ƙota take. Mafi tsada ita ce ta ƙahon karkanda, musamman irin da ake kira saifani, kuma ƙahon nan yana ƙara kyau ne da taɓawa: shekaru na shafar hannu da zufa suna sauya launinsa, ya ɗauki wani haske kamar ana hango cikinsa. A kasuwar masu jambiya da ke tsohon birnin Sana'a, sabuwa ita ce ta baya, wadda aka gada daga kaka, aka san shehun ƙabilar da ya ɗaura ta, ita ake taya wa kuɗin gida. A shekarun 1970, da 'yan Yaman masu aiki a Saudiyya suka fara turo kuɗin mai, talaka ma ya nemi ƙotar da a da sai manya, aka yi ta shigo da ƙaho daga gabashin Afirka. Wannan buƙata, haɗe da ta masu haɗa magani a Asiya, ta sa baƙar karkanda ta ragu daga kimanin 65,000 a 1970 zuwa ƙasa da 2,500 a farkon shekarun 1990. Gwamnatin Yaman ta Arewa ta hana shigo da ƙahon a 1982, ko da yake fasa-ƙwauri bai tsaya nan take ba. Yawancin jambiyoyin da ake yi yanzu ƙotarsu ƙahon ɓauna ne ko katako ko roba, wanda hakan ya ƙara wa tsofaffin da suka sha hannu tsada.