Hawad: Daga Baƙaƙen Tifinag Zuwa Zane

An haifi Hawad a shekarar 1950 cikin Abzin, a zuriyar Buzaye makiyaya na Ikazkazen. Ya tashi ya tarar da tifinag, rubutun da Buzaye suka gada daga tsoffin Amazik na Arewacin Afirka. Rubutu ne na baƙaƙe, wasula kusan babu. Ya wadatar a bar gajeren saƙo bisa dutse ko rairayi, amma in magana ta yi tsawo sai mai karatu ya yi ta lalube. Hawad ya ƙara masa alamomin wasula, ya rubuta dogayen waƙoƙinsa da shi cikin Tamajak. Sannan ya riƙa jan haruffan da tawada, yana karya su har su rikiɗe su zama zane, aikin da ya raɗa wa suna furigraphie, wato rubutun hasala.

Littafinsa Caravane de la soif ya fito a 1985, kuma a 2017 maɗaba'ar Gallimard ta tattara waƙoƙinsa na shekara 30. Matarsa, Hélène Claudot-Hawad, ita ke fassara su tare da shi. Abin takaicin, malami a Tawa ko Damagaram yakan fara cin karo da shi ne cikin Faransanci, ba cikin harshen maƙwabtansa Buzaye ba.