3.4 Manhajar Plan 9 da Matsalar Kayan Na'ura

A wannan sashe za a duba dalilin da ya hana Plan 9 bunƙasa, duk kuwa da yabon da masana suka yi wa tsarinta. An fara gina wannan babbar manhaja ne a ƙarshen shekarun 1980 a cibiyar bincike ta Bell Labs da ke Amurka, a hannun su Ken Thompson da Rob Pike. An ba jami'o'i fitowa ta farko a 1992.

Manufarsu ita ce kwamfutoci da yawa su yi aiki tamkar guda ɗaya. Wata na'ura ta ɗauki nauyin lissafi, wata ta adana bayanai, shi kuwa mai aiki ya zauna gaban ƙaramar tasa yana cin moriyarsu duka. An mayar da kusan komai fayil, kuma ƙa'ida ɗaya mai suna 9P ke haɗa su, ko suna kusa ko nesa. Wannan sauƙi shi ne ya ja hankalin masana.

To amma manhaja ba ta aiki sai da direba, wato ɗan shirin da ke yi mata tafinta da kowane kayan na'ura, kamar katin hoto ko na sadarwa. Kamfanonin ƙera kaya Windows suke rubuta wa direba, domin can kasuwa take. Linux, wadda ta fito a 1991 kyauta, ta samu ɗimbin 'yan sa-kai. Ita kuwa Plan 9 ba a saki asalin rubutunta kyauta ga kowa da kowa ba sai a 2000. A ganin mai wannan nazari, jinkirin nan ya fi kowace matsala yi mata illa, domin wanda ya sa manhaja allonsa ya ƙi nuna komai ba zai tsaya sauraron kyawun tsarinta ba. Ƙarancin direbobi na cikin abin da ya sa wasu suka ɓalle suka kafa reshen 9front a 2011.

Sai dai wani abu nata ya iso har Sakkwato. A 1992 Thompson da Pike suka ƙirƙiro UTF-8 domin Plan 9, kuma da wannan tsari ne mafi yawan shafukan intanet ke ɗaukar haruffa a yau, ciki har da ƙ da ɗ da ɓ na Hausa.